Idan Gida Ya Shiga Jingina: Jawabin Matan Kasuwa a Bikin Zagayowar Shekarar Ƙungiya

 

Uwar ƙungiya, Hajiya Shugaba, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, iyayenmu mata da sunka taso tun daga Gummi da Bukkuyum, yayyenmu da ƙannenmu na Anka da nan Duza, da mazajenmu da ke zaune can bakin zaure suna saurare, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Kowa ya san yadda hanya take a wanga zamani. Allah ya saka da alheri, ya maida kowa ɗakinsa lafiya.

An ba mu dama mu yi magana a madadin matan kasuwa na wagga ƙungiya, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, masu daddawa, masu awon hatsi, masu atamfa da kayan koli. Da munka zauna shawara, wasu sun ce ranar murna ce, a yi zancen ribar adashi a tashi. Amma mafi yawa sun ce a'a, akwai abin da ke hana wasunmu barci, kuma ba a faɗinsa ko a gidan suna ko a gidan biki. Abin nan shi ne gidan da anka jinginar, wa'adi ya cika, babu kuɗin biya, mai kuɗi yana aike. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka yau za mu faɗe shi.

Mu fara da yadda anka zo nan, don kada wata ta ɗauka lalacin maigidanta ne ko rashin albarkarta. A 2010 gubar dalma ta shigo mana ta dutsen zinari da ake niƙawa a cikin gidaje. Duza na cikin garuruwan da abin ya ci, tare da Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yara sama da 400 sunka rasu. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, wanda ya ci bashi ya sayi injin niƙa ya wayi gari da inji a ajiye. A watan Satumban 2021 anka katse layukan waya, kasuwannin mako-mako suna rufe, mu da ke ci daga kasuwa munka zauna muna cin jari. A farkon Janairun 2022 anka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mutane sunka baro gonakinsu. A farkon 2023 ga canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace daga hannu. Ranar 29 ga Mayun shekarar anka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A Agustan 2024 ruwa ya ci gidaje a Gummi. Sai kuma wanda ya fi duka ciwo, kuɗin fansa. Idan an ɗauke maka ɗa ko mata, an ba ka kwana uku, ba ka tsayawa karanta sharaɗi. Abin da ke hannunka kake miƙawa, kuma abin da ke hannun talaka gona ce da gida.

Ko a Amurka, ƙasar da ake ganin kuɗi sun yi mata yawa, a rikicin 2008 miliyoyin iyalai sun bar gidajensu saboda bashin banki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Jinginar da muke gani a nan iri uku ce. Akwai ta banki, babba ko ƙarami, inda ake karɓar takardar gida a ba da rance da ruwa. Akwai ta attajirin gari ko mai sayen zinari, wadda ake yi a zaure da shaidu biyu, wani lokaci da 'yar takarda, wani lokaci da baki kawai. Akwai kuma ta tsayawa, inda maigida bai ci ko kwabo ba, ya dai tsaya wa ƙaninsa ko abokinsa da takardar gidansa, wancan ya kasa biya ko ya bar gari. Kowacce da hukuncinta, amma dukkansu ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa, kuma mu mata ne a bayan ƙofar.

Mun tambayi malamai, mun tambayi masu sanin doka, ga abin da munka samo. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, abin da anka jinginar ba ya zama mallakar mai bin bashi don kawai wa'adi ya wuce. Ko da an rubuta cewa in ba a biya ba ran kaza gida ya zama nasa, malamai sun ce wanga sharaɗi ɓatacce ne. Abin da ake yi shi ne a sayar da gidan a kan kuɗin da ya dace, mai bashi ya ɗauki haƙƙinsa, abin da ya saura a maida wa mai gida. Kuma wanda ya ba da rance sannan ya shiga cin amfanin gonar ko karɓar hayar gidan ba tare da ya rage daga bashin ba, cin ruwa yake yi. A Suratul Baƙara, aya ta 280 ta yi umurni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, aya ta 282 kuma, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu lura da wannan, iyayenmu. Neman a rubuta ba rashin yarda ba ne, bin umurni ne.

Ta ɓangaren dokar ƙasa, akwai dokar filaye ta 1978. Ita ta ce gidan da ke da takardar mallaka ta gwamnatin jiha ba a jinginar da shi ko a sayar sai da izinin gwamna, na gargajiya kuma sai da amincewar ƙaramar hukuma. Idan takardar gida kawai anka ajiye wa mai kuɗi ba a yi cikakkiyar jingina mai rajista ba, ba shi da ikon sayar da gidan da kansa, sai ya bi ta kotu. Ko bankin da ya cika ƙa'ida, in ya sayar ya ɗauki nasa, rarar kuɗin ta mai gida ce. Kuma muddin ba a riga an sayar ba, wanda ya kawo kuɗin bashi cikakke yana da ikon karɓar takardarsa. Babu inda doka ta ba wani dama ya turo samari da sanduna su watso kayan mace waje. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai ofishin Legal Aid na gwamnatin tarayya a Gusau, don talaka anka kafa shi.

To, wannan duka sanin haƙƙi ne. Amma akwai gidan da ko an je kotu, ko an roƙi jinkiri, lissafi ya nuna ba zai tsira ba. A nan maganarmu ta yau take. Idan ta tabbata sai an fita, gara a fita da wuri, da rana tsaka, da takarda a hannu, a sayar da gidan da hannun mai shi kafin a yi masa gwanjo.

Mu 'yan kasuwa ne, bari mu buga lissafi kamar yadda malama ke sa mu a allo. Misali ne kawai. Mu ɗauka an ci bashin naira miliyan 2, ruwa kashi 5 cikin ɗari kowane wata, wato naira dubu 100 duk wata. An yi wata uku ba a biya ba, bashi ya zama miliyan 2 da dubu 300. Gidan kuma in an kai shi ga dillali cikin natsuwa zai yi miliyan 3 da rabi. In an sayar yau, a cire bashi, a cire la'ada, mu ce dubu 175, za a tashi da abin da ya haura miliyan ɗaya. Wannan kuɗin haya ne na shekara, da ɗan fili a bayan gari, da abin juyawa. To a zauna ana jin kunya, ana cewa bari mu ga bayan kaka, har wata shida su ƙara wucewa. Bashi ya kai miliyan 2 da dubu 900. A ɗora kuɗin lauya da na mai gwanjo. Ranar gwanjo kuma kowa ya san mai gida a matse yake, babu mai taya gidan da daraja. Sai a fita hannu rabbana, wataƙila ma da sauran bashi a wuya. Gida ɗaya ne, bashi ɗaya ne, wata shida na shiru ne sunka cinye miliyan guda.

Akwai abin da ya kamata mu gane game da farashi a ƙasarmu yanzu. Gidan cikin gari, kamar Anka ko Gummi, ya yi daraja, domin mutanen ƙauyuka sun kwararo suna neman wurin kwana. Irin wanga gida mai bin bashi ba ya son a biya shi, gidan yake so. Kada a yarda shi ya zama mai bashi, shi ne mai saye, shi ne mai yanke farashi. A kira dillalai biyu ko uku, kowa ya taya daban, a gaban mai unguwa. Gidan ƙauye kuwa, inda mutane sunka watse, wani ko rabin bashin ba zai kawo ba. A nan sai a je a zauna da mai kuɗi tun kafin a sayar, a ce ga abin da gidan zai kawo, ka karɓa ka yafe saura, ko ka yafe ruwan a biya uwar kuɗi a hankali. Da yawansu suna yarda, domin sun san kotu na cin lokaci da kuɗi, kuma kango ba ya haihuwa. Amma duk abin da anka amince a rubuta shi, a sa hannu, a sa kwanan wata, kowa ya riƙe kwafi. In banki ne, a karɓi wasiƙa mai hatimi da ta ce bashi ya ƙare. Yafiyar baki ba ta hana magada tasowa bayan mai kuɗi ya rasu.

Wani abu game da banki. Tun 2020 Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarin da in mai cin bashi ya sa hannu a kansa, banki zai iya bin lambar BVN ɗinsa ya cire kuɗi daga duk asusun da yake da shi a wani banki. Saboda haka, 'yar uwa, kuɗin sana'arki da zubin adashinki su zauna a asusu mai sunanki. Wannan ba raina maigida ba ne. In an kwashe nasa, da naki za a ci tuwo.

Yanzu mu zo kan abin da ke namu. Gida anka jinginar, ba kayan ɗaki ba. Gado da katifa, kabet, kwalla da samira, akwatin tufafi, keken ɗinki, injin markaɗe, turmi da tabarya, awakin da ke turke, 'yan kunnen zinarin da uwa ta bari, duk dukiyar mace ce a shari'a, bashin miji ba ya hawa kansu sai in ita ta tsaya da bakinta ko ta dangwala yatsa. Mun ga inda mace ta bar keken ɗinkinta don masu karɓar gida sun ce komai na ciki nasu ne, alhali da wanga keke za ta ciyar da ɗiyanta. Haka gidan gado da ba a raba ba. Namiji ɗaya ba shi da ikon jinginar da rabon 'yan uwansa mata, ko tumunin uwarsu, ba da yardarsu ba. Wadda ta samu kanta a haka ta je gaban alƙali ta faɗa, kafin a sayar.

Sai ranar tashi. Ga abin da munka koya daga 'yan uwan da sunka riga sunka bi wagga hanya. A nemi wa'adin fita a rubuce, kuma a roƙi ya faɗo bayan an kai amfanin gona gida, kada a tashi iyali tsakiyar damina. Kafin a taɓa ko tsintsiya a haɗa takardu a leda ɗaya: rasit na duk biyan da anka yi, yarjejeniyar sayarwa, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, katin asibiti da na rigakafin yara, takardun makaranta. Ledar nan a jikin uwar gida take kwana. Hatsin rumbu shi ake fara fitarwa, sannan kayan sana'a, sannan kayan ɗaki. Abin da sabon wuri ba zai ɗauka ba a sayar da shi tun da sauran kwanaki, domin kayan da anka sayar ranar tashi kyauta ake bayarwa. Kada a cire ƙyaure ko kwanon rufi don haushi. An sayar da su tare da gida, cire su cin haƙƙi ne, kuma ƙofar sabuwar shari'a ce. A share gidan, a miƙa mabuɗi a gaban mai unguwa da shaidu, a ɗauki hoto da waya. A yi sallama da maƙwabta gida gida, a nemi gafara, a biya ɗan bashin gishiri da na mai da ke tsakani.

Kada a yi gudun dare. Wanda ya sulale da dare ya bar wa mai kuɗi filin faɗin abin da ya ga dama, ya bar rarar kuɗinsa, ya bar sunansa a bakin mutane. Ga shi kuma dare a hanyoyinmu ba abin wasa ba ne.

Game da inda za a koma, mu mutanen Duza muna da tambayar da wasu ba su san a yi ta ba. Kafin a ba da kafin alƙalami a kan ɗakin haya, a tambaya: an taɓa niƙa dutse ko shanya garinsa a gidan nan? Mun ga yadda anka kankare ƙasar gidajenmu anka zubo sabuwa, mun ga likitocin MSF suna ɗibar jinin ɗiyanmu. Dalma ba ta ruɓewa, tana nan cikin ƙasa, kuma yaro mai rarrafe shi ke kai ta baki. Ɗakin da ya yi araha fiye da kima, a bincika dalili. A duba ruwa, a duba nisan makaranta da Islamiyya, don kada tashin gida ya zama ƙarshen karatun yarinya. In gidan dangi za a raɓa, a yi magana a fili tun ranar farko: wata nawa, wa ke awo, wa ke girki. Zumunci da yawa ya lalace a kan abin da anka ji nauyin faɗi.

Iyayenmu maza da ke bakin zaure, da girmamawa muke wagga magana. Mun san nauyin da ke kanku, mun san ba ƙaramin abu ba ne namiji ya bar gidan da ya gina ko ya gada. Roƙonmu ɗaya ne, ku faɗa mana da wuri. Kada mace ta fara jin labari daga bakin dillalin da ya shigo auna tsakar gida. Wadda ta sani tun wata shida tana iya rage kashe kuɗi, ta ɗauki kwasan adashi, ta nemi ɗaki a natse. Mu kuma mata, in an faɗa mana, mu riƙe harshe. Ranar nan ba ranar gori ba ce, ba ranar yaji ba ce. In akwai abokiyar zama, a haɗa kai, domin rufin da zai yaye a kan kowa zai yaye. Yara kuma a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, kada su ji a bakin 'yan unguwa.

Daga ƙarshe, ga abin da matan kasuwa ke roƙon wanga taro ya amince da shi kafin a watse. Na ɗaya, duk memba da za a kawo wa takarda ta dangwala, ko ta bashi ko ta tsayawa, ta kawo ta aji tukuna a karanta mata. Da yawanmu sai da furfura ta fara fitowa munka koyi haɗa baƙi, amma yau muna iya gane inda anka rubuta wa'adi da inda anka rubuta ruwa. In da Turanci ne, malama na nan. Na biyu, a ware wani abu daga zubin kowane wata a matsayin asusun tashi, wanda za a ranta ba ruwa don kuɗin a-kori-kura da hayar watannin farko. Na uku, a zaɓi dattijai mata uku masu riƙe sirri, waɗanda mace za ta iya zuwa wurinsu tun ranar da takardar farko ta iso, su raka ta wurin mai unguwa, ko alƙali, ko Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, domin wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta ce a ba zakka. Na huɗu, ranar da 'yar ƙungiya za ta tashi, mu rufe rumfuna na rabin yini mu je mu ɗaure kaya tare da ita, mu kai mata abincin daren farko. Na biyar, wadda anka kama tana yawo da zancen a gari, ƙungiya ta ci ta tara. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Muna roƙon Hajiya Shugaba ta sa a ɗaga hannu a kan waɗanga biyar ɗaya bayan ɗaya, sakatariya ta rubuta.

Allah ya biya wa duk mai bashi bashinsa. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira. Waɗanda ke hannun mutanen daji, Allah ya kuɓutar da su. Waɗanda sunka riga mu gidan gaskiya, manya da ƙanana, Allah ya jiƙansu. Allah ya zaunar da Zamfara lafiya, ya maida kowa gonarsa, ya nuna mana baɗi da rai da lafiya. Abin da munka faɗa daidai Allah ya ba mu ladarsa baki ɗaya.